Yadda Ake Gano Karkacewar Direlar Baya a Keke Mai Ƙananan Ƙafafu

Direla ita ce ƙarfen nan mai sifirin da ke rataye a gefen dama na ƙafar baya, wadda ke ture sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan idan an canza giya. Idan giya ta fara tsalle, ko sarƙa ta kama ƙara kamar ana kaɗa gwangwani, abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ɗauki sukudireba su hau murɗa ƙananan sukurorin da ke jikinta. Wannan shi ne kuskure na farko, domin waɗannan sukurori ba su cika kwancewa da kansu ba. Keken da jiya yake shiga giya lafiya, yau ya ƙi, akwai abin da ya lanƙwashe, ko ya saki, ko ya cushe da datti. Aikinka shi ne ka gano abin, kuma ana bin sa ne a jere: ƙafa tukuna, sannan maratayi (ƙarfen da ake ɗaure direla a jikinsa), sannan jikin direlar, sannan wayar giya, sukurori su zo a ƙarshe. Kowane mataki ya dogara ne a kan wanda ya gabace shi.

Abin da ya bambanta ƙaramar ƙafa

Ana nufin kekunan da ƙafarsu take inci 20 ko 16: kekuna masu naɗewa irin Dahon da Tern, da kekunan yara masu giya, da ire-irensu da ake samu a kasuwar kekunan gwanjo. Dubi gefen taya, za ka ga lamba kamar 47-406. Lamba ta biyu ita ce faɗin da'irar rim a milimita. Inci 20 yana zuwa iri biyu, 406 da 451, inci 16 kuma 349 da 305. Babban keke yana da 559 ko 622. Riƙe wannan lambar, za a yi lissafi da ita nan gaba.

A ƙafa mai 406 da taya mai kaurin inci 1.75, tsakiyar ƙafar tana sama da ƙasa da kimanin santimita 25 kawai, alhali a babban keke ta kai 33 zuwa 34. Direlar da ake ɗaura wa kekunan biyu kuwa iri ɗaya ce, tsayinta ɗaya. Ke nan a ƙaramin keke ta fi kusa da ƙasa da kusan faɗin tafin hannu. Dutse, bakin kwalta, tudun rage gudu, kututturen kara a gona, duk suna iya dukanta, kuma yashi da ƙura sun fi samunta. Ƙari a kan haka, keke mai naɗewa ana yawan kwantar da shi a but ɗin mota ko a cusa shi tsakanin kaya, sau da yawa a kan gefen direlar. Shi ya sa a irin wannan keke, idan giya ta rikice, maratayi ne abin zargi na farko.

Maratayi shi ne ɗan ƙarfen da ya sauko daga bakin firam, ƙarƙashin inda aksul ɗin ƙafa ke zama, wanda ake ɗaure direla a jikinsa. Iri uku ne. A firam na alminiyam yawanci guntu ne daban da ake ɗaurewa da ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu, an yi shi da gangan ya fi firam laushi domin idan an faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. A firam na baƙin ƙarfe yakan zama haɗe da jikin firam ɗin. A kekuna masu araha kuwa direlar ce ke zuwa da nata ƙugiya, wadda notin aksul ke matsewa.

Kayan aiki: alanki mai lamba 3, 4 da 5, sifana 15 idan aksul ɗin na noti ne, sukudireba mai kan gicciye, filaya, rula ta ƙarfe mai milimita, tsumma, kananzir da tsohon burushin haƙori. Ka rataye keken ta sirdi da igiya yadda ƙafar baya za ta bar ƙasa. Kifa shi a kan sirdi ma yana yi, sai dai komai zai juye maka, sama ta koma ƙasa, kuma wayoyin da ke kan keken za su matse. Wanke sarƙa da faya-fayan haƙora da direlar kafin ka fara auna komai. A lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da mai ta zama kamar kwalli mai kauri, ita kaɗai tana iya hana direla komawa.

Fara da sauraron ciwon

Juya feda da hannu, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya daga ƙaramin faifai zuwa babba, ka dawo. Kowane danni ɗaya ya kamata ya ba da faifai ɗaya. Lura da inda matsalar take, don kowace cuta da alamarta.

Idan sarƙa tana jinkirin hawa manyan faya-fayai a ko'ina amma tana saukowa da sauri, waya ce ta yi sako-sako. Idan tana hawa da sauri amma saukowa sai da jan rai, ko dai wayar ta yi tauri da yawa, ko tana cijewa a cikin kubenta. Idan matsalar a faifai na farko ko na ƙarshe kaɗai take, sukurorin iyaka ne, masu tsayar da direla ta waje da ta ciki. Idan sarƙa tana zamewa ne kawai lokacin da aka taka feda da ƙarfi, musamman a ƙananan faya-fayai, amma a rataye komai lafiya, wannan cinyewar sarƙa da haƙora ce, ba karkacewa ba.

Alamar maratayi ta bambanta da duk waɗannan. Za ka saita giya ta yi shiru a faya-fayai uku ko huɗu na waje, da ka hau manya sai ƙara ta dawo. Ka gyara manyan, ƙananan su lalace. Babu wurin da saitin waya zai gamsar da duka. Dalili kuwa shi ne, yayin da direla ke tafiya ciki wajen manyan faya-fayai tana kuma sauka ƙasa, wato tana nisanta daga kusar da ta rataye ta. Idan maratayin ya karkata, kuskuren yana ƙaruwa ne gwargwadon wannan nisa. Karkacewar digiri ɗaya tak tana kauda abu da milimita 1.7 a nisan santimita 10. Tazarar da ke tsakanin faifai da faifai a tsarin Shimano kuwa milimita 5.0 ce a giya 7, 4.8 a giya 8, kusan 4.35 a giya 9, sannan 3.95 a giya 10. Digiri ɗaya ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tazarar, kuma ido ba ya cika ganinsa.

Mataki na ɗaya: ƙafar ta zauna daidai?

Da ƙafa ake auna maratayi, saboda haka idan ita ta karkace duk awon da za ka yi ƙarya ne. Sauke keken ƙasa, kwance noti ko makullin hannu, danna sirdi da nauyinka don aksul ya shige har ƙarshen mazauninsa ta ɓangarorin biyu, sannan ka ɗaure yana tsaye. Auna tazarar da ke tsakanin rim da ƙarafan firam biyu na ƙasa, hagu da dama. Su zo ɗaya. A firam mai doguwar tsaga, inda aksul ke iya zamewa gaba da baya, jan sarƙa yakan janyo ɓangaren dama gaba idan notin bai matsu ba, sai faya-fayan su juya kaɗan suna kallon gefe.

Kama rim ka girgiza shi hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin tsakiya ya saki, a gyara shi tukuna. Cire ƙafar ka murza aksul da yatsu kana kallon bakinsa: idan yana zana da'ira maimakon ya juya a wuri ɗaya, ya lanƙwashe. Wannan ya zama ruwan dare a kekuna masu firiwil na murɗawa mai giya 6 ko 7, irin mai haƙora 14 zuwa 28, saboda boris ɗin dama yana can ciki, dogon ɓangaren aksul ɗin ba shi da matallafi. A sauya aksul, ba a miƙe shi. Shi kansa firiwil yana ɗan rawa kaɗan idan ƙafa na juyawa ba a taka feda ba, wannan ba laifi ba ne. Idan kuma kaset ne, wanda ake zura wa a kan haƙoran cibiya a matse da zobe, gwada motsa faya-fayan da yatsa. Ba a son su motsa ko kaɗan. Zoben yana son matsi sosai, wajen Nm 40 (Nm ma'aunin ƙarfin matsi ne).

Mataki na biyu: kallon ido

Sa sarƙa a faifan tsakiya, ka tsuguna a bayan keken, idonka daidai da faya-fayan. Direla tana da ƙananan fuli biyu da sarƙa ke bi ta cikinsu, na sama da na ƙasa, da hannu mai faranti biyu da ke riƙe su. Faifan da sarƙa ke kai, da fulin sama, da fulin ƙasa, ya kamata su yi layi ɗaya a tsaye kamar an saki igiyar magini. Mafi yawan lokuta za ka tarar fulin ƙasa ya shige ciki wajen taya, saboda duka daga waje yake zuwa. Sai kuma ka leƙo daga sama, ka ga ko hannun ya murɗe, gabansa na kallon ciki ko waje. Duba bayan direlar ma: sabon karce a jikinta shaida ce cewa ta sha ƙasa.

Kallon ido yana kama babbar karkacewa ne kawai, kuma ba ya faɗa maka ko maratayi ne ko hannun direlar ne ya lanƙwashe. Wasu direlolin zamani ma an ƙera hannunsu da ɗan karkata tun daga masana'anta. Awo ne ke raba gardama.

Mataki na uku: auna maratayi

Sa alanki 5 ka kwance kusar da ta riƙe direla, ka bar ta tana lilo a jikin sarƙa da waya. Kafin komai, idan maratayin na ɗaurawa ne, duba ƙananan sukurorinsa. Wanda ya saki yana kwaikwayon wanda ya lanƙwashe. Duba kuma ko akwai tsaga ko wani farin layi a jikin alminiyam ɗin. In akwai, kada ka ɓata lokaci, nemi sabo.

Ma'aunin da aka yi don wannan aiki, irin DAG-2.2 na Park Tool, dogon ƙarfe ne da ake murɗa gindinsa a ramin maratayi, yana juyawa kamar hannun agogo, da ɗan tsinke mai zamewa da ke taɓa rim. Wanda ba shi da shi zai iya haɗa nasa: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, miƙaƙƙe, tsawon santimita 30 zuwa 35, a huda rami na milimita 10 kusa da ƙarshensa, a tabbatar hujin ya tafi a miƙe. A nan ne mutane ke yin ɓarna. Zaren ramin maratayi M10 ne mai tazarar milimita 1.0. Kusar M10 da ake sayarwa a shagon kayan gini tazararta 1.5 ce, za ta kama zagaye ɗaya ko biyu sannan ta cinye zaren. Abin da ya dace shi ne tsohon aksul na baya mai rami a tsakiya, irin na makullin hannu na Shimano, domin zarensa 10 da 1.0 ne, kuma yana zuwa da notocinsa. Aksul mara rami na kekuna masu araha sau da yawa zarensa na inci ne, ya yi kama amma ba ɗaya ba ne. Duk abin da ka zura, da yatsu zai shiga. Idan ya nemi sifana tun daga farko, fitar da shi. Matse bututun tsakanin washa biyu masu faɗi yadda zai juya amma ba ya girgiza.

Yanzu awon. Ƙafa tana ɗaure a mazauninta. Zaɓi wuri ɗaya a rim, wajen bawul, ka riƙa juyo shi duk inda za ka auna. Da haka ko rim ɗin yana da ɗan kwana ba zai ruɗe ka ba, tunda wuri ɗaya kake aunawa kullum. Kawo bawul ƙasa, inda ƙarfe 6 take a agogo, kawo ma'auni wurin, auna tazara daga ma'auni zuwa gefen rim da rula, ka rubuta. Kai su sama, ƙarfe 12, ka sake. Sannan baya, sannan gaba gwargwadon inda ƙarfen firam ya bari ka kai. Ramin maratayi yana ƙasa da aksul kaɗan, don haka wurin da rim ke faɗowa a jikin ma'aunin yana canzawa, a sama ya fi nisa. A ƙananan kekuna kariya da madgad da ƙafar jingina sukan tare hanya. Gara ka cire su da ka auna a karkace.

Ga inda ƙaramar ƙafa ke yaudarar masu gyara. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce bambancin awo tsakanin kowane wuri biyu kada ya wuce milimita 4. Wannan ya dace da babban rim. Karkacewar digiri ɗaya tana nuna bambancin kusan milimita 11 tsakanin sama da ƙasa a rim mai 622, amma a mai 406 milimita 7 kawai za ta nuna, a mai 349 kuma 6. Karkacewar ɗaya ce, illarta ga giya ɗaya ce, lambar da rula ke nunawa ce ta ragu. Idan ka mayar da milimita 4 ɗin zuwa rim mai 406, ya zama kusan 2.6, a mai 349 kuma kusan 2.2. Saboda haka a ƙaramin keke ka nemi bambancin da bai wuce milimita 2 ba, musamman daga giya 9 zuwa sama. Wanda ya ga milimita 4 a ƙafar inci 20 ya ce lafiya lau, ya mayar da direla a kan maratayin da har yanzu yake a karkace.

Miƙewa: da ma'aunin kansa ake yi, shi ne madogara. A ce a sama ka samu 50, a ƙasa 42. Bakin maratayin ya shige ciki. Abin da kake nema shi ne 46 a duka biyun, wato rabin bambancin kawai za ka gyara. Kawo ma'aunin ƙasa ka ja shi waje a hankali, da matsi mai ɗorewa, ba fizga ba. Saki, sake awo. Ƙarfe yana ɗan komawa bayan an sake shi, don haka za ka maimaita sau uku ko huɗu, kaɗan-kaɗan. Gama da sama da ƙasa, koma gaba da baya, sannan ka sake duba sama da ƙasa domin gyaran ɗaya yana taɓa ɗayan. Ƙafa ta kasance a ɗaure tam duk tsawon aikin, ita ke hana bakin firam buɗewa. Kada ka taɓa kama jikin direla ka ja da niyyar miƙe maratayi, gaɓoɓinta za ka lalata.

Baƙin ƙarfe yana jure miƙewa. Alminiyam yana jure ƙaramar miƙewa sau ɗaya, wataƙila biyu, daga nan sai ya yi rauni ya karye ba sanarwa, kuma yakan karye ne a kan hanya lokacin da ake hawan tudu, direla ta faɗa cikin sifok, wayoyin ƙafa. Idan ka wuce wuri sai ka dawo da shi baya, ka riga ka gajiyar da shi. Maratayan ɗaurawa suna da siffofi barkatai, kowane firam da nasa, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu. Sabon ma a auna shi bayan an ɗaura, saboda fuskar firam ɗin da yake kwanciya a kai ba lallai ta kasance daidai ba. Mai ƙugiya kuwa, cire shi ake yi a daidaita a kan bais, ko a sayi wata direlar, tunda ba ta da tsada.

Mataki na huɗu: jikin direlar

Mayar da ita, ka kula ɗan harshen da ke bayanta ya zauna a kan ƙaramin tudun maratayi, kada ya hau kansa. Fara murɗa kusar da yatsu, ƙarasa da matsin Nm 8 zuwa 10. Sake tsugunawa a baya. Idan maratayi ya miƙe amma fulin ƙasa har yanzu yana ciki, hannun ne ya lanƙwashe. Kama fulin ƙasa ka motsa shi hagu da dama: ɗan motsi ba komai, amma idan dukan jikin yana kaɗawa da milimita da yawa, gaɓoɓin sun cinye, babu saitin da zai riƙe. Fulin sama a yawancin direlolin Shimano masu giya 10 zuwa ƙasa an yi shi da ɗan wasa na gefe da gangan, kada ka ɗauka lalacewa ce. Kuma ba a musanya na sama da na ƙasa. Wanda ya cire su don wanki ya mayar da su a juye zai sha fama da giya ba tare da ya san dalili ba.

Dubi tsayin hannun. Shimano na da gajere, SS, matsakaici, GS, da dogo, SGS. Ƙaramin keke mai faifai ɗaya a gaba ba ya bukatar dogo: kaset mai 11 zuwa 32 bambancin haƙoransa 21 ne kawai, gajere ko matsakaici zai kwashe wannan sarƙar, muddin direlar ta amince da girman babban faifan. Dogon hannu a ƙafar inci 20 yana sauka har kusa da taya, kuma a giyar da yake tsaye tsaf zai rage 'yan santimita tsakaninsa da ƙasa. Sa babban faifai ka duba tazarar hannun da gefen taya, musamman in tayar mai kauri ce. Idan maratayi yana yawan lanƙwashewa bayan kowane gyara, a nan matsalar take.

Ba kowane ƙaramin keke ne ke bin wannan tsari ba. Wasu Dahon da Tern suna zuwa da direla mai suna Neos wadda ake ɗaurewa gaba da aksul, ba a maratayin da aka saba ba. Brompton mai giya 2 ko 6 kuwa ɗan maturi ne ke ture sarƙa tsakanin faifai biyu, da wani hannu daban mai ɗame ta. A waɗannan ma'aunin maratayi ba shi da wurin shiga, amma duba ƙafa da waya yana nan yadda yake.

Mataki na biyar: waya da kubenta

Wayar keke mai naɗewa doguwa ce, tana da lanƙwasa da yawa, kuma duk naɗewa sai ta tanƙware a wuri ɗaya. Kwance kusar da ta matse ta a jikin direla. Riƙe bakin wayar da filaya kana ɗan ja, ɗaya hannun yana canza giya a madanni. Ya kamata ka ji kowane danni sarai, tafiya da dawowa. In tana cijewa, bi kuben da yatsa ka nemi inda ya karye ko ya fashe, yawanci wajen gaɓar naɗe firam, da gindin sandar kan keke, da lanƙwasar ƙarshe kusa da direla. Kuben giya milimita 4 ne, wayoyin cikinsa a miƙe suke don kada ya matse. Kuben birki milimita 5 ne, a naɗe yake kamar sifirin, idan aka sa shi a giya danni ba zai riƙa faɗawa wuri ɗaya ba. Wayar giya kaurinta milimita 1.1 zuwa 1.2.

Da waya a matse a jikin direla, ɗaga kan keken zuwa tsayin da ake hawa da shi, ka juya shi hagu da dama har ƙarshe kana kallon direla. Idan ta motsa, kuben ya yi gajere. Naɗe keken ka buɗe, ka tabbatar bakunan kube sun koma mazauninsu, domin wanda ya fito ya tsaya a baki yana ƙara wa waya tauri nan take.

Abubuwa biyu suna kwaikwayon lanƙwasasshen maratayi har su ruɗi gwani. Na farko, wayar da aka bi da ita ta gefen da ba daidai ba a kusar matsewa. Akwai ɗan kwari a wurin, a cikinsa take kwanciya. In ta bi ta ɗaya gefen, nisan da direla ke tafiya a kowane danni ya canza, kuskure ya riƙa taruwa daga faifai zuwa faifai. Na biyu, madanni da direla da ba jinsi ɗaya ba, abin da ake yawan gani a keken da ya bi hannaye da yawa. Direlar Shimano ta giya 6 zuwa 9 tana tafiya kusan milimita 1.7 a kowace milimita ɗaya ta waya, ta SRAM mai tsarin 1:1 kuwa kusan 1.1. Madannin murɗawa na SRAM MRX an yi shi don direlar Shimano, amma na jerin X ba ya aiki da ita. Ƙirga dannin madanni kuma ka ƙirga faya-fayai: madannin giya 7 a kan kaset mai 8 ba zai taɓa daidaita ba.

Mataki na shida: sukurori da saiti

Tun waya tana kwance, juya feda sarƙa ta sauka ƙaramin faifai. Sukurun H ke tsayar da direla ta waje: murɗa shi har tsakiyar fulin sama ta yi daidai da gefen waje na ƙaramin faifan. Tura direlar da babban yatsa har babban faifai. Sukurun L ke tsayar da ita ta ciki: fulin ya tsaya daidai ƙarƙashin faifan, kuma ko ka ƙara turawa kada ya wuce. Idan a baya wani ya saita L a kan karkataccen maratayi, yanzu da aka miƙe shi dole a sake, in ba haka ba ko dai sarƙa ta ƙi hawa babban faifai ko ta zarce cikin sifok. Sukuru na uku, B, shi ke nisanta fulin sama daga haƙora. A babban faifai bar tazarar milimita 5 zuwa 6. Ya matso da yawa, za ka ji gurnani. Ya yi nisa, giya ta yi nawa.

Mayar da madanni giya mafi nauyi, murɗa ɗan bututun saitin waya ciki gaba ɗaya sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya ko biyu, ja waya da filaya ba da ƙarfi ba, matse. Danna sau ɗaya. In sarƙa ba ta hau faifai na biyu ba, warware bututun rubu'in zagaye a kowane karo, har ta hau. Ci gaba da warwarewa har ta fara gogar faifai na uku, sannan ka mayar a hankali har ƙarar ta ɗauke. Bi sauran giyoyin. A kan miƙaƙƙen maratayi wannan saiti ɗaya zai wadatar da dukansu. Akwai tsofaffin direlolin Shimano masu suna Rapid Rise waɗanda sifirinsu ke ja zuwa babban faifai idan an saki waya. A kansu alamomin sako-sako da tauri a juye suke.

Idan har yanzu akwai ƙara a giyar farko da ta ƙarshe

Wannan sau da yawa layin sarƙa ne. Kaset mai giya 8 faɗinsa daga tsakiyar faifan farko zuwa na ƙarshe milimita 33.6 ne, wato 16.8 kowane gefe daga tsakiya. Idan nisan aksul ɗin feda zuwa na ƙafa milimita 450 ne, sarƙa na karkata da kusan digiri 2.1 a giyar ƙarshe. Idan 350 ne, kamar a wasu kekunan yara, ya kai 2.7. Ƙananan kekuna kuma suna ɗaukar babban faifan gaba, mai haƙora 52 ko 53, don rama ƙanƙantar ƙafa, wanda ke ƙara rage tsawon sarƙar da ke sake tsakanin gaba da baya. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar faifan gaba ka miƙa shi baya: ya kamata ya nufi tsakiyar kaset, da kuskuren da bai wuce milimita 2 ko 3 ba. In ya kauce sosai, wataƙila an taɓa sauya aksul ɗin feda da wanda ya fi tsawo ko gajarta, ko an ɗaura faifan a ɗaya fuskar mariƙinsa. Alamar ita ce sarƙa na faɗowa daga manyan faya-fayai idan aka juya feda baya, ko tana sauka daga faifan gaba a kan gargada. A kekunan da ɓangaren bayansu ke lilo a kan wata gaɓa, irin Brompton da Birdy, girgiza ɓangaren hagu da dama, domin gaɓar da ta cinye tana kauda layin duk lokacin da aka taka.

Auna sarƙar ma. Daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa ta 24 bayanta, sabuwar sarƙa inci 12 ce cif, milimita 304.8. Ta kai 306.3, ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ta kai 307, a sauya ta a keke mai giya 9 zuwa ƙasa. In ta kusa 308, kaset ɗin ma ya tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansa, kuma ƙananan faya-fayai ne ke fara cinyewa tunda a kansu mai ƙaramin keke ya fi zama. Juya feda baya a hankali kana kallon fulin ƙasa: idan hannun yana zabura sau ɗaya a kowane zagayen sarƙa, akwai gaɓar da ta ƙage, a lanƙwasa ta gefe da gefe da hannu a ɗiga mata mai.

Gwajin ƙarshe a kan hanya ake yi, da nauyin mahayi, a wuri mai ɗan tudu. Bi kowace giya sama da ƙasa, sauka ka naɗe keken ka buɗe shi, ka sake bi. Sabuwar waya da sabon kube sukan zauna a kwanakin farko, sai giya ta fara jinkirin hawa. Rubu'i ko rabin zagaye na warware bututun saiti ya isa, ba sai an taɓa H ko L ba.